Toron mandarin ɗina ya zubar da adonsa, macen kuma ta ƙi yin ƙwai: ina mafita?

Mai Tattabaru (Ƙofar Marusa, Katsina):

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Shawara nake nema a kan agwagin mandarin, ƙananan nan masu ado da ake kawowa daga waje.

Bara da kaka na sayi mace da namiji a hannun wani mai sayar da tsuntsayen ado a Kano. Kuɗin da na biya sun isa sayen rago matsakaici, amma ban ji ciwonsu ba saboda kyan toron. Bakinsa ja wur, ga farin layi ya lanƙwaso daga saman ido zuwa ƙeya, gashin kumatunsa dogaye masu ruwan lemo, ƙirjinsa shunayya da fararen zane biyu a gefe, sannan ga wasu gasu biyu masu faɗi a tsaye bisa bayansa. Yaran unguwa har layi suke yi a zaure don a bar su su leƙa. Macen ita toka-toka ce, sai farin zobe da ya zagaye mata ido ya ja wutsiya baya.

Matsalata biyu ce. Tun da ruwa ya sauka toron ya fara zubar da gashi, yanzu in ba ka san su ba ba za ka bambance shi da macen ba. Gasun nan biyu na baya sun faɗi, na tsince su a ƙasa. Maƙwabcina ya ce fenti aka yi mashi aka sayar mani. Ta biyu, macen ba ta taɓa yin ƙwai ba ko ɗaya, alhali na ajiye mata kwando da ciyawa a lungu, irin inda agwagin gidanmu ke kwanci.

Ga yadda suke zaune: keji ne na raga, tsawon mita 3 faɗin mita 2, rufin kwano. Ruwansu a baho. Ina ba su dusa da gero da ragowar tuwo, wani lokaci in daka masu ƙuli-ƙuli. Da dare ba sa kwana a ƙasa, sai su haye katakon da ke saman ƙofa. Suna da tsoro ƙwarai, ko yaushe na shiga sai sun tashi sun bugi raga.

Don Allah wanda ya taɓa kiwonsu a wannan yanki namu mai zafi ya taimaka mani. An cuce ni ne, ko ciwo ne? Kuma me zan yi ta yi ƙwai har in ga ɗiya?

Ɗan Kasuwa (Jibiya):

Wa alaikumus salam. Malam, ni dai ina ganin maganar maƙwabcinka abin dubawa ce. Mun sha ganin 'yan tsaki a kasuwa an rina su kore da ja, bayan sati biyu launin ya tafi. In kana da lambar mutumin ka kira shi tun da wuri. In kuma ba rini ba ne, ka zuba masu maganin kaji a ruwa ko ƙuma ce ke cin gashin.

Tsohon Malami (Daura):

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kwantar da hankalinka. Ba a cuce ka ba, toronka kuma lafiyarsa lau, kada ka ba shi maganin komai. Ɗan Kasuwa ya yi gaskiya ana rina 'yan tsaki, amma babu mai rinin da zai dasa wa tsuntsu gasu biyu a baya. Haka Allah ya halicci wannan agwagwa: duk shekara in lokacin barbara ya wuce, toron yakan zubar da adonsa ya koma shigar mace. Har gashin fiffike yakan zuba, ya yi makonni ba ya iya tashi sosai, kuma tsuntsun da ba ya tashi in ya zauna da ja da ruwan lemo a jiki shi shaho zai fara gani. Ka kama shi ka duba bakinsa. Na toro yana nan da jansa ko da ya ɗan koɗe, na mace kuwa toka-toka ne. In ka ga haka, ka jira kaka. Wajen Satumba zuwa Oktoba adon zai dawo sabo fil, har ya fi wanda ka saya kyau in yana cin abinci mai kyau.

Maganar ƙwai ita ce babba, kuma amsarta na cikin abin da ka rubuta da hannunka. Ka ce bisa katako suke kwana. To wannan tsuntsun itace ne. Asalinsa gabashin Asiya, wato Sin da Japan da Koriya da gabashin Rasha, a dazuzzuka masu koramu da manyan itatuwa. Can macen ba ta yin sheƙa a ƙasa, kogon itace take nema, mai tsawo, mai duhu, mai ƙaramar ƙofa. In ka juya ƙafarta za ka ga farata masu kaifi, na riƙe reshe ne. Kwandon da ka ajiye a lungu ita ba ta ma ɗauke shi wurin haihuwa ba. Za ta iya shekara tana wucewa ta gefensa.

Ni abin da nake yi masu akwati ne na katako mai kauri. Faɗin ciki kamar santimita 25 zuwa 30 kowane gefe, zurfi santimita 50 zuwa 60, a huda ƙofa zagayayya mai faɗin santimita 10 can kusa da sama. A zuba ɓuntun katako a ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa, domin ita ba ta ɗauko ciyawa ta kai, gashin ƙirjinta kawai take tsigewa ta lulluɓe ƙwan. Abin da kafinta zai manta in ba ka tsaya a kansa ba shi ne tsani na ciki: guntuwar ragar waya a kafe daga ƙasan akwatin zuwa bakin ƙofar. Da ita ɗiyan za su hau su fito. In katakon sumul ne, a ciki za su mutu uwar tana waje tana kira. A ɗaga akwatin kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga ƙasa, a inda rana ba ta dukansa, ƙofar kuma kada ta kalli inda mutane ke wucewa. Ka sa guda biyu a wurare daban-daban, tana son ta zaɓa. Akwai wadda ta raina akwatunan da na biya kafinta ya yi, ta je ta zaɓi tsohon turmin da ya tsage, wanda na ɗora bisa bulo na rufe bakinsa da katako na bar kafa. Tun daga nan ba na bari a faskara tsohon turmi a gidana.

Sai maganar haske, wadda mutane ba su cika kawo ta a rai ba. A ƙasarsu suna yin ƙwai ne a Afrilu da Mayu, lokacin da sanyi ya wuce yini ya yi tsawo, kuma tsawon yinin nan shi ke tayar da jikin macen. Can yini yakan haura awa 14. Mu nan Katsina da Daura yininmu bai cika motsi ba, daga awa 11 da 'yan mintoci a Disamba zuwa kusan awa 13 a Yuni. Shi ya sa wata macen za ta zauna lafiya lau, tana ci tana wanka, amma jikinta bai ji cewa lokaci ya yi ba. Masu gidan gonar kaji sun san wannan, shi ya sa suke kunna wa kajin ƙwai fitila. Ni nakan rataya ƙaramin ƙwan sola, in fara kunnawa da asuba tun ƙarshen Disamba, ina ƙara lokacin kaɗan-kaɗan kowane mako har hasken duka ya kai awa 14. Da asuba na ce, ba da dare ba, don in ka kashe fitila farat ɗaya cikin dare suna ƙasa, firgita za su yi su bugi raga. Dalilin da ya sa nake farawa da wuri shi ne ina son ƙwan ya zo a Fabrairu ko farkon Maris, kafin zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Mace a cikin akwati da irin wannan zafi, ko ta bar ƙwan ko ita ta galabaita.

Rufin kwanon nan ka yi mashi dabara. Ka shimfiɗa zana ko karan dawa a samansa, in da hali ma ka mayar da kejin ƙarƙashin bedi. Tsuntsun ƙasar sanyi ne, hunturunmu ba ya damunsa ko kaɗan, bazara ce abokiyar gabarsa. In ka ga sun buɗe baki suna haki sun saki fuka-fuki, zafi ya kai masu ko'ina.

Baho kuma ya yi kaɗan. A cikin ruwa suke barbara, in babu inda za su yi iyo ƙwan yakan zo babu ɗa. Ka sa magini ya yi maka kwami na siminti, faɗin mita ɗaya ya isa, zurfi kamar santimita 30, gefe ɗaya a kwance yadda za su fita da ƙafa, da bututun zubarwa a ƙasa. Na san ruwa a cikin birni saye ake yi wurin 'yan ga-ruwa, to ka ja bututun zuwa gindin zogale ko lemo, kada ruwan ya tafi a banza. Ka jingina reshen itace a bakin kwamin, ka dasa wani abu mai duhuwa a kusurwa inda za su ɓuya. Rabin tsoron da kake gani na rashin maɓoya ne.

In Allah ya sa ta fara, ƙwai ɗaya take yi a rana, galibi da safe, har su kai 9 zuwa 12. Kwancinta kwana 28 zuwa 30 ne. Kada ka riƙa buɗe akwatin kana ƙirgawa, kuma ka hana yara.

Uwar Zabi (Sabuwar Unguwa, Katsina):

Sannu da ƙoƙari Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena, ni zan ƙara maka da abin da na sani ta wajen kwanci, don ƙanen maigidana na da su kuma ni yake kawo wa ƙwan.

Ba kowace macen mandarin ke zama a kan ƙwai ba in tana keji, wata da an ɗan tsorata ta shi ke nan ta bar su. Injin ƙyanƙyasa yana yi, amma da yadda ake ɗauke wuta in ba ka da sola mai ƙarfi asara za ka yi. Ni kazar Hausa nake ba. Ai mun saba sa mata ƙwan zabi ta zauna kwana 26 zuwa 28 ba ta tashi ba, to ƙarin kwana biyu ba ya gagararta. Ka zaɓi ƙaramar kaza wadda ta taɓa ƙyanƙyasa, mai haƙuri, ka ba ta kamar 6 ko 7, kada ka cika mata. Agwagwar gida kada ka ba ta, ta yi nauyi, ƙwan mandarin bai fi na kazar gida girma ba.

Ƙwan agwagwa na son laima, mu kuma a lokacin da Baba ya ambata, wato Fabrairu da Maris, iskar a bushe take ƙamas. Sai in zuba yashi mai ɗan danshi a cikin kasko, in shimfiɗa ciyawa a kai, sannan ƙwai. A makon ƙarshe, in kazar ta sauka cin abinci, in tsoma yatsu a ruwa mai ɗumi in yayyafa masu. In ba a yi haka ba fatar cikin ƙwan takan bushe ta manne wa ɗan, ya huda ya kasa juyawa. Kafin ka sa kazar ka duba ƙarƙashin fiffikenta ko da ƙuma, ka yi mata magani tun kafin ta zauna.

In kana tara ƙwan kafin ka samu kaza mai kwanci, kada su wuce mako guda. Ka ajiye su a gindin randa inda ke da sanyi, tsinin yana kallon ƙasa. Ranar 8 ko 10 da fara kwanci ka shiga ɗaki mai duhu ka haska su da tocilan ɗin waya, mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu, wanda yake fayau ka cire shi kada ya ruɓe ya fashe.

Da sun fito sun bushe nake ɗauke su daga wurin kazar. Ita tono ta sani, da ƙafa za ta watsar da su.

Likitan Dabbobi (Dutsin-Ma):

Malam ya gama magana a kan gida da sheƙa. Ni abincin da ka lissafa ne ya tayar mani da hankali, musamman ƙuli-ƙuli da ragowar tuwo.

Gyaɗa da masara in suka yi funfuna suna ɗaukar gubar da ake kira afulatoksin, kuma a cikin tsuntsayen gida babu wanda take saurin kashewa kamar ɗiyan agwagwa, hanta take lalatawa. An gano gubar ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, inda talo-talo kusan 100,000 suka mutu sanadin garin gyaɗa da aka sa masu a abinci. Ƙuli-ƙulin kasuwa ba ka san irin gyaɗar da aka yi shi da ita ba, kuma akwai gishiri da yaji a wani. Ka daina. Dusa ma ka shinshina kafin ka zuba, yanzu da damina buhu kan yi danshi daga ƙasa. Manyan ka ba su abincin kaji masu tasowa na kamfani, ka haɗa da gero, alkama ko shinkafa shanshera, da ganyen latas ko zogale a watsa kan ruwa. Wata guda kafin lokacin ƙwai ka koma abincin kajin ƙwai, ka ajiye ɓawon kawa da tsakuwar yashi a gefe.

Abu na biyu ruwa. Ruwan da ya kwana biyu a zafi da kashi da ragowar abinci a ciki yana iya haifar da gubar da ke shanye jiki, za ka ga agwagwa ta kasa tsayuwa, wuyanta ya saki. Mushen ɓera ko ƙadangare a kwami, da tsutsar da ta fito daga mushe, su ne kan gaba wajen kawo ta. Kowace safiya ka leƙa kwamin kafin komai.

Na uku murar tsuntsaye. Tun da aka tabbatar da ita a Najeriya a Fabrairun 2006, a wata gona a jihar Kaduna, ba ta daina dawowa ba. Agwagi na iya ɗauke da ita ba tare da sun nuna alama ba. Duk tsuntsun da ka sayo ka keɓe shi mako 3 zuwa 4 kafin ya haɗu da na gida, kuma kada ka ɗebo masu ruwan dam ko tafki inda kirinjijiya da sauran tsuntsayen ruwa ke sauka. In ka ga mutuwa ta farat ɗaya a kajinka ko tattabarunka, kada ka yanka, ka sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, su ke tura samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a jihar Filato. Wanda kuma ke tunanin shigo da su da kansa daga waje, sai da takardar izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa.

Game da ɗiyan, suna buƙatar niyasin, wato bitamin B3, fiye da 'yan tsaki. In ya yi ƙaranci ƙafafunsu kan gwame. Ka sayi garin bitamin na tsuntsaye mai ɗauke da shi ka riƙa sawa a ruwan sha. Abincin 'yan tsaki mai furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari ya yi a makonni 2 zuwa 3 na farko, daga nan a sauko zuwa kashi 15 ko 16. In aka ci gaba da ɗura masu mai ƙarfi, ƙarshen fiffike kan murɗe ya kalli waje, kuma in ya ƙafe a haka ba ya gyaruwa.

Mai Tattabaru (Ƙofar Marusa, Katsina):

Allah ya saka maku da alheri gaba ɗaya. Baba, na duba bakin, ja ne kamar yadda ka ce. Na yi magana da kafinta, akwai kuma tsohon turmi a gidan kakarmu. Likita, na ɗauke ƙuli-ƙulin.

Saura tambaya biyu. Wani ya ce mani in yanke masu fiffike in sake su a tsakar gida, sun fi walwala. Me kuka gani? Sannan Hajiya ta ce a ɗauke ɗiyan daga wurin kaza, to in na ɗauke su yaya zan yi da su? Na ji ana cewa nan ne suka fi mutuwa.

Tsohon Malami (Daura):

Madalla. Maganar fiffike, iri biyu ce. Akwai rage gashin fiffike ɗaya da almakashi, wannan ba ya ciwo amma yana tsirowa in sun sake gashi, kuma ranar da ya tsiro ba za su yi maka sallama ba, don suna da gudu a sama ƙwarai. Waɗanda ke yawo a dajin Ingila yau dubbai, asalinsu irin waɗanda suka tsere daga hannun masu kiwo ne. Akwai kuma yanke gaɓar ƙarshen fiffike tun suna jarirai, yadda ba za su taɓa tashi ba. Wasu masu kiwo na yi, ni zuciyata ba ta yarda da shi ba. Tsuntsun da rayuwarsa bisa reshe take, ka hana shi hawa har abada don kawai ka huta da sayen raga, ban ga hujjar da zan kare kaina da ita ba. Ban da haka tsakar gida akwai muzuru, akwai shirwa, da dare ga gafiya. Ka faɗaɗa kejin, ka ɗaga shi ya kai mita 2, ka rufe sama da raga mai laushi, ta ƙasa kuma mai ƙananan ido wadda maciji da ɓera ba sa ratsawa, ka binne bakinta a ƙasa.

Ɗiyan kuwa gaskiya aka faɗa maka, makon farko ne mai wuya. A daji kwana ɗaya suke yi a kogo, uwar ta sauka ta yi kira, su riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya daga can sama, su tashi su bi ta ba abin da ya same su. Wannan ɗabi'a ba ta barinsu don an ƙyanƙyashe su a kasko. Za ka sa su a kwali ka ga suna ta tsalle kamar fara, suna hawa bango da farata, hankalinsu na kan fita, ba ya kan abinci. Saboda haka duk abin da za ka sa su a ciki ya zama da murfin raga. Ƙasan ka shimfiɗa tsohon tawul ko buhun algarara, ban da leda ko jarida, santsi na raba masu ƙafafu. Ɗumi kamar digiri 32 a makon farko, ana rage digiri 3 kowane mako. A Maris da rana ba sa buƙatar fitila, sai dai da dare zuwa asuba. In sun curu wuri ɗaya suna kuka sanyi ne, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa.

Kwana ɗaya zuwa biyu na farko ƙwanduwar da ke cikinsu na riƙe su. Bayan nan in ba su fara ci ba, sai ka ga suna ramewa a gaban abinci. Abu mai motsi ke jan idonsu. Ni nakan je gindin suri da sassafe in fasa ɓangare in kawo, in karkaɗe garar a kan abincin da na ɗan jiƙa a faranti. Garin kama gara sai su haɗa da abincin, daga nan sun gane. Dafaffen ƙwai da aka murmushe shi ma yana taimakawa, a barbaɗa masu har a bayansu, don suna tsattsagar jikin juna. In akwai ɗan tsako ko ɗan zabo sa'ansu guda ɗaya mai lafiya, ka sa shi a ciki, in suka ga yana ci za su kwaikwaya. Ka rufe rabin ragar da zane don wurin ya yi duhu-duhu, kuma ka hana yaran unguwa layin kallo har sai sun yi sati biyu.

Ruwan sha a murfi marar zurfi, wanda zai ishe su tsoma baki har hanci, a jera tsakuwa a ciki. Kada ganin agwagi ne ya sa ka jefa su a baho. Waɗanda ba uwarsu ta rene su ba gashinsu na jiƙewa, sanyi ya kama su ko su nutse. Bayan sati biyu ka fara ba su wanka na 'yan mintoci da hantsi kana tsaye, ka mayar da su wurin ɗumi su bushe.

Suna kai kwana 40 zuwa 45 sun fara tashi, don haka kafin nan su koma keji mai rufi. Duka za su yi kama da uwarsu, sai dai bakin mazan zai fara yin ja-ja, adon kuma sai kaka. In ka zo haɗa su aure kada ka haɗa wa da ƙanwa, ɗiyan na zuwa da rauni kuma ƙwan ba ya ƙyanƙyasa sosai. Ka ma kira wanda ya sayar maka ka tambaye shi ko naka biyun uwarsu ɗaya. In haka ne, ka bari toron ya mayar da adonsa mu yi musanya, akwai ɗan bara a wurina wanda ba su haɗa jini da naka ba.